Ranar da Si Bilgasim Ya Riƙe Hannun Ɗana

Ku matso, 'yan albarka. Yau ba gulmar kowa na kawo muku ba, tawa ce. Shekara da shekaru ina dafa ta mutane ina rabawa a garinmu Ƙairawan, daga gidan wankan mata har bakin kasuwar darduma, yau ga tukunyar ta kife a kaina. Na kuwa rantse ba wadda za ta riga ni ba da labarin.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Shadliya, na doshi saba'in. Mijina Alhaji Sadok ya rasu tun jikata ta fari tana rarrafe, yanzu tana jami'a tana yi mini gyaran waya. 'Ya'yana biyu ne, duk maza. Nuruddin shi ne babba, yana da shagon darduma, da shi da matarsa Wasila muke zaune a gidan gado. Sai Lutfi, wanda ko atishawa zai yi sai ya fara duba fuskar yayansa.

Kuma ina da saurayi. E, saurayi na ce. Wadda abin ya tsaya wa a wuya ta nemi ruwa.

Sunansa Si Bilgasim, Si ɗin na girmamawa ne, kamar yadda shi yake ce mini Lalla. A shagon makrud muka haɗu, soyayyen zaƙin nan mai dabino a ciki da zuma a kai, duk mun saci hanya, don likita ɗaya ne ya hana mu zaƙi. Na gan shi yana naɗe guda ɗaya a hankici kamar mai ɓoye zinariya, zuma tana ɗiga a jabbarsa.

Na ce, "Zan faɗa wa likita."

Ya dubi ledar da ke ƙarƙashin mayafina ya ce, "Sai mu tafi tare, Lalla, ki riƙe taki shaidar."

Daga nan zance ya ƙullu. Shi yana rubuto saƙo dogo, da waƙafi da aya, kamar mai rubuta wa gwamna. Ni kuwa karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai in danna in yi magana, in tura masa har da ƙarar tukunya.

Ba a yi nisa ba aminiyata Duja ta tare ni a gidan wanka, tana cuɗa mini baya tana cuɗa mini zance.

"Shadliya, kin san ko wane ne wannan tsohon?"

"Gwauro ne, haƙoransa nasa ne. Me ya rage?"

"Rufa mana asiri! Shi ne fa wanda ya yi aiki da Turawa a inda ake ajiye tsofaffin Alƙur'anai. An ce yanka su yake da almakashi yana aika musu suna ƙonawa. An ce har littattafan Nasara yake karantawa da yarensu."

"In ji wa?"

"In ji kowa."

Ni na san wannan "kowa", don ni ce uwarsa a garin nan. Ban yi kwana-kwana ba, ina fitowa, gashina bai bushe ba, na kira shi.

"Si Bilgasim, kana ƙona Alƙur'ani?"

Ya ce, "Ba harafi ko ɗaya, Lalla Shadliya. Mutanen da a kan fatar tumaki suke rubutu. Akan ɗebi ɗan sili daga gefe, inda babu tawada, bai kai abin da kike yankewa a farcenki ba. Shi ake ƙonawa a na'ura, ta faɗi zamanin da tunkiyar ta mutu."

"To ina ruwanka da mutuwar tunkiyar mutane?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ba malami ba ne, ba ya fatawa, ba ya cewa ga halal ga haram. Aikinsa ya tambayi fata shekarunta, ya tambayi rubutu hannun da ya yi shi, ya ga yaushe aka fara sa ɗigo a kan haruffa, yaushe aka fara wasali. Yaren tsofaffin Kiristocin Sham kuwa ya koya ne don su ma suna sa wa rubutunsu ɗigo, yana son ya kwatanta nasu da namu.

"Kana salla dai?"

"Ina yi. A zaune, saboda gwiwa."

Na ce to shi ke nan, ni ma haka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Gidan su mijina suna da wata fata guda ɗaya, shafin Alƙur'ani, a cikin akwatin katako, a naɗe da koren siliki. Tun ranar da aka kawo ni gidan ake faɗa mini cewa wani sahabi ne da ya zo da rundunar da ta kafa garin ya rubuta ta da hannunsa ya bar wa kakansu. Da ita suke taƙama. Da ita Alhaji Sadok ya samu aurena, da ita Nuruddin yake ɗaga hanci a sahun gaba. Kowace safiyar Mauludi, kafin a taɓa asida, kunun zaƙin nan mai kauri da ake yi don ranar, babban namiji a gidan zai buɗe akwatin, ya yayyafa mata ruwan wardi da butar azurfa, kowa ya zo ya sumbata.

Da na sanar da yaran cewa akwai mai son zuwa gaisuwa, Wasila ta saki cokali.

Nuruddin ya ce, "Gaisuwar me, Umma?"

"Irin wadda ka je gidan su Wasila."

"Umma, ki dubi girmanki."

"Na dube shi. Shekara nawa ina dubansa ni kaɗai a ɗaki, bai taɓa ce mini sannu ba."

Da ya ji sunan mutumin kuwa sai da jijiyar goshinsa ta miƙe. Amma Nuruddin ɗan kasuwa ne, ba ya ƙin ciniki a fili. Ya ce, "Ya zo ranar Mauludi. Mu gan shi."

Ku sani, dokar ƙasarmu ba ta ce sai da izinin ɗana ba. Ina iya zuwa gaban masu ɗaurin aure in sa hannu da kaina. Amma wace uwa ce ke son ta fita gidan da ta yi naƙuda ba tare da albarkar abin da ta haifa ba? Ina son mijin, ina son yaran, duka biyun nake so. Kwaɗayi ne? To a rubuta mini.

Ana gobe Mauludi na tura masa murya: "Si Bilgasim, ka saurara da kyau. Gobe za a fito da wata fata. Kai makaho ne. Kai kurma ne. Ka sumbata, ka ce masha Allah, ka ci asida. Ko sun ce Annabi Nuhu ne ya rubuta ta a cikin jirgi, ka ce masha Allah."

Ya rubuto: "Na ji, kuma zan yi iya ƙoƙarina."

Wannan "iya ƙoƙarina" bai kwanta mini ba.

Da safe na fito da rigata mai ruwan tsamiya da zaren zinariya a wuya, wadda ban sa ba tun kafin takaba. Na zizara kwalli, na ɗaura warwaron uwata, na ɗiga turaren anbar a bayan kunne. Wasila ta leƙo tana cewa, "Umma, wannan kwalliyar duk ta Mauludi ce?" Na ce, "Ta mai Mauludin ce da mai zuwa Mauludin. Je ki duba asidarki, kada ta yi gudaji irin ta bara."

An share tsakar gida, an shimfiɗa babbar darduma a gindin itacen lemo, kwanonin asida sun jeru a kan tire, kowanne da adonsa a ka. Dangi sun cika, har da ƙanwar mijina Hajiya Beya, wadda ba ta taɓa yafe mini ba don na fi ta gashi. Duja ma ta zo, wai ta kawo kwano. Kwano a bakinta.

Sai ga shi. Farar jabba, jar dara, sanda a hannu, furen yasmin a maƙale a kunne kamar ɗan shekara ashirin. Jama'a, zuciyar tsohuwa ma tana gudu, sai dai tana yi tana haki.

Aka gaisa. Nuruddin ya ba shi yatsu uku. Lutfi ya dubi yayansa, shi ma ya ba da uku.

Aka kawo akwatin. Nuruddin ya yi bismilla, ya warware silikin. Ina kallon Si Bilgasim ta wutsiyar ido. Da fatar ta bayyana sai na ga fuskarsa ta canza, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni dai bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba, amma ba komai, na haƙura. Na yi gyaran murya, ya ce, "Masha Allah." Na ce a raina, yauwa ɗan halak.

Sai Wasila ta miƙo butar azurfa. Nuruddin ya ɗaga ta sama, ya karkata.

Ban san tsohon nan yana da sauran tsalle ba. Mutumin da ke salla a zaune! Kafin ɗigo ya sauka ya riƙe wuyan hannun Nuruddin gam.

"Tsaya! Don girman Allah tsaya, ɗana."

"Ɗan wa?"

"Ruwa ne ajalinta. Dubi nan. Jajayen ɗigon nan na wasali ne, duk sun narke sun bi jikin fatar. Dubi layin ƙasa, da akwai kalma a nan, yanzu sai inuwarta. Kuna kashe ta da hannunku."



Nuruddin ya fizge hannunsa. "Haka kakanninmu suke yi tun kafuwar garin nan."

"Da tun kafuwar gari ake yi, da yau ba abin da za ku sumbata."

A nan ya kamata in kama bakina. Amma bakin nan ba a yi shi da murfi ba. Na ce, "Ai kakarka ce ta fara, Nuruddin, shekarar da aka yi mata tsarabar butar nan, don maƙwabta su gani. Ina amarya lokacin, ni na goge butar."

Hajiya Beya ta dafe ƙirji. "Uwata kike wa ƙazafi a ranar Mauludi?"

"Ke ce ma kika riƙe tiren, Beya."

Nuruddin bai bi ta kanmu ba. Ya ajiye butar a hankali, ya yi wani murmushi da na san shi da shi tun yana yaro, irin na lokacin da ya ɗana wa ɓera tarko.

"Abin da sahabi ya rubuta da hannunsa ruwa ba ya cin sa. Ko ba sahabi ba ne, malam? Kai ne masani. Ga dangi, ga baƙi. Ka ce sahabin Manzon Allah ne ya rubuta wannan, ni kuma a nan inda nake zan ɗaga hannu mu karanta Fatiha, in ba ka uwata."

Kun ji ɗan da na haifa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, so nake ya faɗa. Kalma ɗaya ce. Wa zai mutu? Na yi tari, na kaɗa warwaro, na zura ƙafa ta ƙarƙashin tire na taka masa babban yatsa. Ya juyo ya dube ni. Idonsa ya ciko. A nan na san an gama.

Ya ce, "Ba zan iya ba."

Wani ya ce, "A'uzu billahi."

"Rubutun mutanen farko dogo ne, a karkace, kamar dabinon da iska ta tura, kuma babu wannan ado. Wannan kuwa a zaune yake daram, ga wasali da jar tawada, ga zinariya a ƙarshen aya. An yi shi bayansu da shekara ɗari biyu, ko fiye. Wanda ya rubuta bai ga sahabi ba." Ya numfasa. "Amma ɗana, ta haura shekara dubu a duniya. Wani bawan Allah ya zauna a garin nan ya rubuta ta da alƙalamin kara, ayoyin da ke cikinta kuma su ne waɗanda kake karantawa yau. Me ka rasa?"

"Fita," in ji Nuruddin.

"Ku dai daina zuba mata ruwa. Ko ba ku yarda da ni a komai ba..."

"Na ce fita daga gidan ubana!"

Lutfi ya dubi yayansa, shi ma ya ce, "E, fita," a hankali, kamar mai neman gafara.

Si Bilgasim ya ɗauki sandarsa. Ya tsaya a gabana, bai ɗaga kai ba. "Lalla Shadliya, ki yafe ni. Ba zan shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta ba. Maganar nan mu bar ta."

Ya fita. Ko asidar bai taɓa ba, mutumin da ke satar zaƙi a hankici.

Wallahi da farko shi na fi jin haushi. Na ce a raina, tsohon banza, ka zaɓi fatar tunkiya ka bar tawa. Amma ina tsaye a wurin, ina jin Beya tana cewa "ai dama an faɗa", sai wani abu ya faɗo mini. Na zauna da miji mai daɗin baki shekara talatin, Allah ya ji ƙansa, wanda zai ce miki rana ta fito alhali ana ruwa. Yau ga mutum an ɗora masa ni a kan tire, an ce ya saye ni da ƙarya guda, ya ƙi. Wanda bai yi ƙarya don ya same ni ba, ashe zai yi mini ita bayan ya samu?

Nuruddin ya fara naɗe silikin. Na lura bai sake ɗaukar butar ba.

"Kin gani da idonki, Umma. Zindiƙi kika kawo mana."

"Zindiƙin ne ya yi tsalle don kada aya ta goge. Kai mumini kana riƙe da buta."

"Umma!"

"Na'am, ɗan albarka. Ba ni tumunina."

"Tumunin me?"

"Na takaba. Da ubanku ya rasu an raba gida, an raba shago, an raba har tabarmi. Fatar nan ba a raba ba. Ina da kashi ɗaya cikin takwas a jikinta. Ba na son inda ke da rubutu, na bar muku. Gefen nan fari nake so, a yanko mini sili, a kai wa na'ura ta faɗi gaskiya. In sahabi ne, ni da kaina zan bi tsohon nan da muciya har ƙofar gari."

Duja ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Lutfi ya ce, "Yaya, a shari'a fa tana da..." Nuruddin ya harare shi, ya haɗiye sauran.

Nuruddin ya rufe akwatin, ya murɗa makulli, ya jefa a aljihu. Muryarsa ta sauka ƙasa, wadda ta fi ihun ciwo.

"Ba mai taɓa ta da almakashi ina raye. Ke kuma Umma, ki zaɓa. In kika auri mutumin nan, kin fita gidan nan ke nan. Ba zan taka inda kike ba, 'ya'yana ma haka."

Ya yi zafi. Kada wadda ta ce muku bai yi ba. Yaron da na goya ina saƙar darduma har bayana ya lanƙwashe. Na shiga ɗaki na rufe, na zauna bakin gado, kwallin nan duk ya zubo. Ta taga ina jin mata suna neman takalmansu da sauri. Na san saurin. Kowace tana son ta riga 'yar'uwarta kai labari, kafin azahar za a ce an kori saurayin Shadliya kamar kare, tsohuwa ta ji kunya ta shige ɗaki.

Ni? A garin nan? A sana'ata?

Na share fuska, na ɗauki waya, na buɗe zauren matan unguwa na cikinta, inda muke da mata sun fi ɗari, kowace da bakinta. Na danna na riƙe.

"Assalamu alaikum, barkanmu da Mauludi. Shadliya ce matar marigayi Alhaji Sadok. Ina gayyatar kowa da kowa ɗaurin aurena da Si Bilgasim ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar. Za a yi lalle ranar Laraba. Wadda ta ji wani labari ba wannan ba, tsohon yayi ne, ta zubar. Beya, ke ma ki zo, akwai makrud."

Na saki. Ya tafi. Magana zarar bunu.

Kafin in ajiye wayar ta fara rawa a hannuna. Guɗa, guɗa, guɗa, wata tana tambayar kalar da za a sa, wata tana cewa ita za ta kwaɓa lallen. Daga tsakar gida na ji wayar Wasila ta yi ƙara, na ji muryata tana fita daga cikinta, na ji wani kwano ya faɗi ya fashe.

Sai a lokacin na tuna da ƙaramar matsala guda. Angon bai sani ba. Abu na ƙarshe da ya fito daga bakinsa ma shi ne a bar maganar.

Na tura masa saƙon nan dai da na tura wa mata. Alama ta nuna ya saurara. Na jira. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Mutumin da ke rubuto mini shafi guda a kan ciwon gwiwa, yau ga abin da ya turo:

"Kada ki zo."

Ai ko ya makara. Na riga na yafa farin mayafina na siliki, na ratsa tsakar gida ta gaban Nuruddin da Beya da fasasshen kwano, ban dubi kowa ba. Ban bi ta lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa na bi, rana tsaka, gari cike da baƙin Mauludi, warwarona yana ƙara, masu shaguna suna leƙowa. Wata ta rangaɗa guɗa daga saman bene, na ɗaga mata hannu.

Ƙofarsa shuɗiya ce, irin ta tsofaffin gidaje, da zoben ƙwanƙwasawa biyu, na maza daban na mata daban, kowanne da amonsa, don na ciki ya san wa ke sallama. Na tsaya ina haki. Na miƙa hannu ga na mata, kamar yadda na saba tun ina yarinya.

Sai na fasa. Yau ba ziyara na zo ba, neman aure na zo.

Na kama na maza, na buga da ƙarfina.